Kunyar da Ta Ƙi Shiga Turanci

Malam ya rasu da daminar nan da ta wuce, kuma har yau in na ji ƙarar keke a ƙofar gida sai in zabura in ɗauko masa buta. Ina kukansa safe da rana, ba na ɓoye wa kowa. Amma ba don ki taya ni kuka na kira ki ba, Hajara. Ranar zaman makoki ina daga ciki na ji baffanki Alhaji Bello yana gaya wa baƙi a zaure cewa da yayansa ya zama babban mutum a Kaduna, ba don ya biye wa maganar mace a ƙasar Sudan ba. Macen nan ni ce. Ke kin yi karatun da ban yi ba, to ɗauki alƙalami ki rubuta yadda abin ya faru, kada ki gyara mani ko kalma ɗaya. Duk rigimar a kan takarda ce mai shafi biyu, wadda aka sa mahaifinki ya rubuta game da wani littafin labari na Turawa.

Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, gwamnatin Arewa ta zaɓi Malam cikin malaman firamare da za ta tura wata kwalejin horon malamai a Hartum. Shi an ba shi kujera a jirgin sama. Ni da goyona, ɗanmu na fari, ba wanda ya san da zamanmu. Ya ce ba zai bar mu ba, ni ma na ce ba zan zauna ba, saboda haka muka bi hanyar alhazai ta ƙasa, a bayan manyan motoci.

Ni 'yar 'yan kasuwa ce. Na tashi ina ganin mahaifina yana cin kasuwar Ƙonni ta Nijar ya dawo garinmu Illela kafin la'asar. Na san sefa, na san jandarma, sai na ɗauka na san abin da ake kira ƙasar waje. Ashe bakin ƙofarmu kawai na sani.

A Fotlami, garin da yanzu ake kira Njamena, aka fara koya mana hankali. Muna fitowa daga jirgin ruwan da ya tsallakar da mu kogi sai wani mutum mai farin gemu da dogon carbi ya tare mu. Da ya ji Malam ya ce "mi" irin ta mutanen wajenmu sai ya rungume shi.

"Ɗan'uwa! Ai ni ma mutumin can ne, bayan Gwadabawa kaɗan. Wallahi ba ni barinku hannun baƙi. Ga mota nan za ta tahi har Janaina, cikin Sudan, ba sauka ba canji."

Ya kai mu masauki, ya sa aka damo mana fura, ya karɓi kuɗin mota, ya yi mana doguwar addu'a. A Abeshe, tsakiyar ƙasar Wadai, direba ya sauke mana kaya ya ce nan tafiyarsa ta ƙare, shi bai taɓa ganin Janaina da idonsa ba. Muka zauna ƙarƙashin wata bishiya a tasha har sai da na sayar da kwallayen aurena ɗaya bayan ɗaya. Malam ya yi ta cewa wataƙila kuskure mutumin ya yi. Haka mahaifinki yake. Ni kam har yau in wani ya ce mani 'yar'uwa a tasha sai in ƙara ɗaure bakin zanena.

Motar da muka samu daga nan buhunan albasa ta ɗauko, mu muna bisa. Rana ta yi ta dukan yaron har ya daina kuka, ya koma numfashi kawai. Wata mata 'yar Wadai da ke kusa da ni, ba na jin yarenta ba ta jin nawa, ta cire mayafinta ta riƙe shi da hannu biyu a kansa, ta yi masa rumfa. In hannunta ya gaji ta ɗora gwiwar hannun a kafaɗata, ta ci gaba. Haka ta yini, kanta a buɗe cikin maza. Da ta zo sauka a wani ƙauye na miƙa mata goro, ta ture hannuna. Ban san sunanta ba, amma ba na tashi daga kan sallaya ban sa ta a addu'a ba.

A Janaina aka tara mu cikin wani shingen waya tare da alhazai, aka yi mana lamba a hannu, aka ce mu jira. Can na fara jin sunan da za mu ɗauka a ƙasar: Fallata. Bahaushe, Bafillace, Babarbare, duk wanda ya fito daga yamma Fallata ne, kuma yadda wasu ke faɗinsa kamar suna tofar da ƙayar kifi. Malam ya nuna wa jami'in wurin takardarsa ta gwamnati, ya yi masa Turanci. Mutumin ya kira abokinsa yana dariya, wai ya zo ya ga Fallata mai Turanci. Suka gama kallo suka mayar da mu cikin waya.

Da aka sake mu muka bi ta Fashir, hanyar da mota ke nutsewa a rairayi maza su sauka su tura, har Ubayyid, inda muka hau jirgin ƙasa. Mun isa Hartum an riga an fara karatu, ƙafafuna sun kumbura, yaron ya rame har ana ganin haƙarƙarinsa. Amma ya isa da rai.

Muka kama ɗaki a Umdurman, tsallaken kogin Nilu, a gidan wata mata mai jiki da murya ana ce mata Ummu Usman. Kullum Malam ya tsallaka gada ya tafi kwaleji, ni in zauna da yaron a tsakar gida ina jin Larabcin da bai yi kama da na littattafan surukina ba. Ba daddawa, ba fura. Wani abinci suke yi, siriri kamar takarda, mai tsami, ana ce masa kisra. Nakan ci in ƙoshi, amma cikina bai taɓa yarda an ci abinci ba. Ranar da Malam ya kai ni in ga Nilu, mutane suna ta yaba girmansa, ni tafkinmu na Kalmalo na tuna da busasshen kifinsa, na ce mu koma gida.

Allah ya haɗa ni da Gwaggo Tumba a kasuwa, wata tsohuwa Bagobira mai sayar da gyaɗa. Tun tana budurwa ta taso aikin hajji da iyayenta, guzuri ya ƙare musu a Umdurman, ta tsufa a nan. Ita ta zama bakina da kunnena.

Wata hantsi matan gidan suka kira ni shan gahawa, Gwaggo Tumba tana fassara.

"Suna tambaya mi sunan yaronki," in ji ta. "Nan ba a kiran mace da sunanta, sai da sunan ɗanta na fari. Wagga mai gidan da kike gani, Usman shi ne ɗanta na fari."

Na ce, "Ɗan fari, Gwaggo? Kuma ta amsa?"

"Ta amsa mana. Ita da kanta takan tsaya bakin ƙofa ta ƙwala mashi kira, unguwa duk ta ji."

Na sunkuyar da kai ina dariya, na ɗauka wasa take. Ke kin san yadda muke, Hajara, amma rubuta don wanda bai sani ba. A wurinmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in an yabe shi ta kau da kai. Uban ma haka. Kunya ke nan. Iyayenki da surukanki suna raye, su suka haife ku, ba ki isa ki tsaya gabansu kina nuna ke ma kin haihu ba. Sunan yayanki bai taɓa fita daga bakina ba, kuma ba zai shiga takardar nan ba.

Gwaggo Tumba ta yi musu bayani iyakar iyawarta. Ummu Usman ta dube ni, ta dubi yaron, ta faɗi wata magana, matan suka dubi juna.

"Mi ta ce?"

"Bari dai, sha gahawarki."

"Gaya mani, Gwaggo."

"Wai ɗanki ne kuwa, ko a hanya kika tsince shi?"

Da bazara ƙyanda ta shigo unguwar. Lokacin ya fara tafiya, yakan kama bakin gadon igiya yana zagayawa, in ya kai ƙarshe ya saki ya faɗi ya yi dariya. Mun kai shi asibiti, an yi abin da za a yi. Wata safiya ina ba shi ruwa a cokali, ruwan ya dawo ta gefen bakinsa.

Dakata, Hajara. Bari in share fuskata.

To. Matan unguwa suka cika gidan. Zan faɗi gaskiyarsu: sun kawo tabarmi, sun kawo abinci, ba su bar ni na hura wuta ba. Kuma sun yi kuka. Suna kururuwa suna dukan ƙirji, Ummu Usman har da faɗuwa ƙasa, a kan yaron da ba nata ba. Ni kuwa ina zaune bakin ƙofar ɗaki, mayafina a kaina, duk wadda ta zo in ce mata alhamdu lillahi. Haka na ga uwata ta yi, haka ita ma ta ga tata ta yi. Washegari na ɗauki tsintsiya na share tsakar gida, don in ban ba hannuna aiki ba ban san abin da zai yi ba.

Sun gani. Daga ranar aka daina kirana shan gahawa. In na zo wucewa Ummu Usman takan janye jikanta. Gwaggo Tumba kaɗai ta zo ta zauna kusa da ni. Da za ta tafi ta tattara 'yan rigunansa ta sa a ƙasan kwandon gyaɗarta, don kada idona ya riƙa faɗawa kansu.

A cikin wannan hali aka ba su Malam littafin. Malaminsu na Turanci wani Bature ne dogo, Malam yana ce masa Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinsa. Ba mugu ba ne, ki rubuta wannan ma. Da ya ji rasuwar ya ba Malam hutu, har ya aiko mana da shayi da sukari. Shi ya ce kowane ɗalibi ya karanta littafin ya rubuta shafi biyu a kan abin da ya bar masa a rai. An kuma sanar da su cewa makin wannan zangon ne zai raba waɗanda za a wuce da su Ingila ƙarin karatu da waɗanda za su koma gida. A Turanci ba wanda ke gaban mahaifinki a ajin nan.

Bayan la'asar yakan zauna bisa gadon igiya yana karantawa yana juya mani da Hausa, don ya ɗauke mani hankali. Wani Bature ne ya rubuta, wanda ya taɓa yin mulki a yammacin Sudan, labarin wani di'o mai yawo a hamada bisa raƙumi. Da farko na ji daɗinsa. Akwai kukunsa mai satar sukari, akwai raƙumin da in ya durƙusa sai an roƙe shi. Rannan sai na ga Malam ya yi shiru, ya juya shafi, ya juya wani, sannan ya ci gaba da magana.

"Malam, ka tsallake."

"Ba komi ciki. Bayanin rairayi ne."

"Rairayi ne ya sa ka juya shafi biyu? Koma baya."

Ya koma. Di'o ya gamu da ayarin alhazai Fallata a bakin wata rijiya, ɗan wata mata a cikinsu ya mutu. Ya tambaye ta sunan yaron, ta juya masa ƙeya. Ya duba idonta, ba hawaye. Kafin rana ta faɗi ya gan ta tana daka. Sai mai littafin ya ce mutanen nan an sauƙaƙa musu, ba su san zafin ɗa yadda Turawa suka san shi ba. Wai uwa a cikinsu takan binne ɗanta yadda akuya ke barin nata a baya ta ci gaba da kiwo.

Na ce ya sake karanta wurin. Ya sake.

"To mi za ka rubuta?"

"Zan yaba yadda ya siffanta hamada. Mai Lofe yana son littafin nan, Kulu. Aji ne, ba wurin faɗa ba."

"Hamada ce ta mutu?"

Ya ajiye littafin bisa gadon.

"Ni ce a bakin rijiyar nan, Malam. Ni ce mai dakan. Matan gidan ga sun faɗi haka na haɗiye, don da baki sunka faɗa, gobe sun manta. Wanga kuwa a littafi ya sa, 'ya'yan mutane na karantawa ana ba su maki. Duk ajinku kai kaɗai ka san dalilin da matar nan ta juya ƙeya. In rairayi za ka rubuta, gobe ka raka ni tashar jirgi. Na san hanya."

Ba barazana nake yi ba, shi ma ya sani. Ya zauna ya rubuta cewa mai littafin ya gani da idonsa amma bai fahimta ba, matanmu kunyar ɗan fari suke ji, shi ya sa ba sa faɗin sunansa, ba sa kukansa a gaban mutane. Ya karanta mani da Hausa, na ce madalla. A wurin kunya ya sa kalmar da aka koya musu tun suna midil cewa ita ce kunya da Turanci. Ya kai.

Ranar da aka mayar musu da takardunsu ya dawo da azahar, ya zauna bai cire takalmi ba.

"Lahiya?"

"Na fi kowa maki."

"To mi ya sa fuskarka ta yi kamar an kore ka?"

Sai ya ba ni labari. Mai Lofe ya tsaya gaban aji ya karanta takardar da ƙarfi yana jinjina kai. Ya ce ga shi ɗan ƙasar da kansa ya tabbatar da abin da marubucin ya gani, har ya ƙara da dalili. Malam ya rasa inda maganar ta dosa. Da aka fita shan iska wani ɗalibi Basudane, abokinsa ne ma, ya ja shi gefe cikin tausayi ya ce, "Ashe haka abin yake a wurinku? Me ya sa ɗan fari ya zama abin ɓoyewa? Ko don sau da yawa ba na mijin ba ne?"

Nan Malam ya gane. Mu kunya biyu muka zuba a kalma ɗaya. Akwai ta ɓarawon da aka kama a kasuwa, akwai ta mutumin da ya san girman na gaba da shi. Kalmar da ya sa ta ɓarawon ce kaɗai. Abin da Bature ya karanta wa aji shi ne, matanmu suna ɗaukar ɗan fari abin tozarci, shi ya sa ba sa ambatonsa, in ya mutu kuma ba sa kuka.

Na ce, "Sai ka koma ka karɓo ta."

"An riga an ba da maki. Da makin nan ƙofar Ingila a buɗe take. Kulu, ki duba abin da munka sha kafin mu zo nan. Ki duba abin da munka binne a ƙasar nan. Duk ya tahi a banza?"

"Da can Bature ne ya yi mani ƙarya, shi bai san ni ba. Yanzu uban yaron ne ya sa hannu."

Na ajiye masa abinci na shiga ɗaki. Bai ci ba.

Gwaggo Tumba da ta ji ta yi mani tatas. "Ke yarinya, kina da hankali kuwa? Bature ya ce ke akuya ce, sai ƙaho ya fito maki? Bar mutum ya tahi Ingila ya dawo ya sai maki zinari. Ni nan da kike gani an kira ni abin da ya fi akuya, ga ni ina sai da gyaɗata."

Na ce, "Gwaggo, ke ma kin binne ɗan fari a ƙasar ga. Ke kika gaya mani."

Ta ɗauki kwandonta ta ɗora a kai. Sai da ta kai ƙofa ta ce, ba ta juyo ba, "In zai sake rubutawa, ya ce mu biyu ne."

Baffanki ya ce ni na tura Malam. Na yi magana, ban musa ba, kuma da za a mayar da ni ranar ita zan sake yi. Amma ƙafafun da suka tsallaka gada suka je ofishin Mai Lofe nasa ne. Baturen ya saurare shi, ya ce ya yarda ya sake rubutawa, da sharaɗin takardar farko ta mutu da makinta, abin da sabuwar ta samu shi zai zauna. Ya ba shi shawara ya bari. Ya ce masa takardarsa a tsare take. Malam ya ce a tsare take, amma ba abin da yake nufi ke ciki ba.

Ranar Juma'a da ya dawo daga masallaci ya baje ƙamus a kan tabarma. Ya samo wata kalma ta budurwa mai sunkuyar da kai. Ya samo ta talaka a gaban mai mulki. Ya samo ta mai tsoron magana cikin taro. Kowacce ya juya mani in ce ba ita ba ce.

"To bar ta yadda take," na ce.

"Da Hausa? Cikin takardar Turanci?"

"Da sunka kawo mana mota sun juya mana sunanta? Haka munka koya. Shi ma ya koya."

Ya yi dariya, karon farko tun rasuwar. Sannan ya ajiye alƙalami.

"In na bar ta da Hausa sai na nuna mashi abin da ke cikinta. Ni kuwa..." Ya dubi ƙasa. "Ni ma ban ga hawayenki ba, Kulu."

Tun da aka binne yaron ba mu taɓa maganarsa ba, ni da shi. Ita kunyar nan ba a kan baƙi kaɗai take tsayawa ba. Na daɗe ina kallonsa, sannan na buɗe baki na nuna masa haƙorina na gefe, wanda ya gani a karye ya ɗauka tsakuwa na tauna a cikin wake. Na gaya masa kullum in ya fita, matan gida kuma sun shige ɗaki gudun rana, nakan shiga bayan gida da muciya in sa ta a baki in cije, in yi kukan a cikinta don kada a ji ta katanga. Na gaya masa nono bai san an mutu ba, yana zuwa a kan lokacinsa, in tatse shi a ƙasa in rufe da rairayi.

Ya rufe fuska da hannu. Can ya ce shi ma ranakun da yake ce mani ya tsaya ɗakin karatu ba can yake ba. Maƙabarta yake zuwa. Ƙananan kaburbura sun yi yawa a shekarar nan, ya ajiye wani baƙin dutse a kan namu don kada ya ɓace masa, yakan tsaya a wurin har inuwa ta juya. Muna kwana ɗaki ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa.

"In rubuta?" in ji shi. "Haƙorin, da nonon? Maza za su karanta, Kulu."

Wannan ya fi mani wuya a duk tafiyar. Ya fi zaman tashar Abeshe, ya fi wayar Janaina. Don in kare kunyata sai na tuɓe ta a gaban baƙi. Da uwata tana wurin da ta toshe mani baki. Amma uwata tana Illela, inda kowa ya san ma'anar shirun mace, ni kuwa ina ƙasar da aka karanta shiruna aka ce akuya.

Na ce, "Rubuta. Ka sa da Gwaggo Tumba. Sunansa kaɗai za ka bari."

Ya rubuta, ya sake kwafewa a sabuwar takarda don hawaye sun ɓata ta farko. Ya kai.

Ranar da ya dawo da ita ina tsakar gida ina tuƙa tuwon dawa. Ya tsaya a kaina.

"Mai Lofe ya ce ba abin da anka tambaya ba ne. An ce in rubuta a kan littafi, na rubuta a kan gidana. Ya ce ya tausaya mana ƙwarai, amma ba a ba tausayi maki. Na ci, da ƙyar. Ba ni cikin masu zuwa Ingila. In shekara ta ƙare, gida za mu."

Na san abin da wannan ke nufi, ko da yake ban san tsawonsa ba tukuna: ajin firamare a Amarawa, sannan a Garu, har furfura, abokansa suna wucewa a mota suna ɗaga masa hannu. Na ji shi a ƙirjina, ba zan ce ban ji ba. Mutum ne mai son karatu, kuma ya cancanta.

Na ce, "Ya karanta har ƙarshe?"

"Har ƙarshe, a gabana."

"Kalmar fa?"

Ya miƙo mani takardar. Ban san baƙi ko ɗaya ba, amma na ga wuri guda da aka zagaye da jan alƙalami, an yi rubutu a gefensa.

"Mi ya ce nan?"

"Ya ce babu wagga kalma a Turanci."

"Ya soke ta?"

"A'a. Zagaye ta ya yi."

"To tana nan ke nan."

"Tana nan."

Na mayar masa da takardarsa. Na ce ya cire takalmi ya wanke hannu, tuwo ya yi.